Filin Lafiya: Tsirrai da Kariyar Zuciya

Wasiƙun wannan karon galibinsu kan abu ɗaya suke: ganyaye, 'ya'yan itatuwa da sinadaran da ake tatsowa daga cikinsu, da ko suna iya kare zuciya daga lalacewa. Likitan zuciya da mai harhaɗa magunguna ne suka haɗu suka amsa.

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Shekaruna 54, an yi mini gwajin jini an ce mugun kitse ya yi yawa. Ba na son fara shan ƙwaya har ƙarshen rayuwa. Akwai abin da ke cikin tsirrai da zai sauke shi, kuma nawa zan riƙa ci?

Amsa: Wa'alaikumus salam Malam. Akwai, kuma biyu daga cikinsu an auna su sosai a jikin mutane.

Na farko shi ne sitirol na tsirrai. Ƙirarsa ta yi kama da ta kolestarol, wato kitsen da ake aunawa a jini, don haka idan suka haɗu a hanji sai su yi ta gasar wurin shiga, wani kaso na kolestarol ɗin ya rasa hanya ya fita ta bayan gida. Abincin yau da kullum yana ba mutum miligiram 200 zuwa 400 ne kawai a rana, alhali abin da ke aiki shi ne giram 2. Shi ya sa ake zuba shi cikin man shafa burodi ko yogot na musamman, abin da aka fara sayarwa a Finland a 1995. Giram 2 a rana yana sauke LDL, wato mugun kitsen da aka gaya maka, da wajen kashi 8 zuwa 10 cikin 100 cikin mako biyu zuwa uku. A ci shi tare da babban abinci, domin sai ruwan matsarmama ya sauko hanji yake samun abin yi. Wanda ya sha shi da cikin wofi ya yi asarar kaso mai yawa na amfaninsa. Wuce giram 3 ba ya ƙara wani abin kirki, kuma da an daina kitsen yake komawa inda yake. Ba a ba mai ciki, mai shayarwa ko yaro ɗan ƙasa da shekara biyar.

Na biyu shi ne bita-gulukan, zaren abinci mai yauƙi da ke cikin hatsin ots da sha'ir. Yauƙin nan yana kama ruwan matsarmama a hanji ya fita da shi, sai hanta ta ɗebo kolestarol daga jini ta ƙera sabo. Ana bukatar giram 3 a rana, wanda ya yi daidai da wajen giram 75 na busasshen ots, kuma raguwar LDL takan kai kashi 5 zuwa 7. Ka fara da rabin wannan adadin na mako guda, in ba haka ba kumburin ciki da iska za su sa ka watsar da shi tun ba a je ko'ina ba.

Masu bincike a Toronto sun haɗa sitirol, zare mai yauƙi, waken suya da almon a tsarin abinci guda. Lokacin da su ne ke samar wa mutane abincin, a 2003, LDL ya sauka da kusan kashi 29. Da aka bar mutane su shirya da kansu a gida, a 2011, sai aka samu wajen kashi 13. Wannan lamba ta biyu ita ce za ka sa a ranka. Ƙwayar statin kuwa, maganin asibiti na rage kitsen jini, tana sauke shi da kashi 30 zuwa sama da 50, kuma an tabbatar tana rage bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki, abin da ba a taɓa nunawa ga sitirol ba a babban gwaji.

Saboda haka amsar ta dogara da takardar gwajinka. Idan LDL ya ɗan haura ne kawai, ba ka da ciwon suga, ba ka shan taba, ba ka taɓa samun bugun zuciya ba, ka nemi likitanka ya ba ka wata uku ka gwada abinci a sake awo. Idan ya kai 4.9 a ma'aunin mmol/L, wato 190 a ma'aunin mg/dL, ko zuciyar ta riga ta taɓu, kada ka jira. Ka sha ƙwayar, ka haɗa da abincin, ai ba sa hana juna.

Tambaya: Likita, ina ganin kafso na resveratrol da na curcumin an rubuta cewa bincike ya nuna suna kare zuciya. In haka ne, me ya hana ku rubuta mana su a asibiti?

Amsa: Hajiya, binciken yana nan, amma ki tambaya a jikin wa aka yi shi. Mafi yawansa a ɓera ne, kuma ga yadda ake yi. Ana sa wa ɓeran maganin barci, a buɗe ƙirjinsa, a ɗaure jijiyar da ke kai wa zuciya jini da siririn zare na minti 30, sannan a kwance jini ya dawo. Dawowar jinin ita kanta tana yin ɓarna, domin iskar oksijin da ta shigo da ƙarfi tana haifar da wasu 'yan sinadarai masu cin ƙwayoyin halitta kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe. Bayan wasu sa'o'i sai a ciro zuciyar, a yanka ta falle-falle, a tsoma cikin wani rini. Naman da ke da rai ya yi ja jawur, wanda ya mutu ya zauna fari fat. A ɓerayen da aka ba resveratrol, curcumin (sinadarin kurkur) ko quercetin (wani sinadarin tsirrai), farin wurin yakan fi ƙanƙanta. Wannan gaskiya ne, kuma an maimaita shi sau da yawa.

Matsalar tana farawa ne idan aka zo kan mutum. Ɓeran matashi ne lafiyayye, kuma an ba shi sinadarin tun kafin a ɗaure jijiyar, sau da yawa ta allura, da yawan da mutum ba zai taɓa samu daga abinci ba. Mai bugun zuciya kuwa dattijo ne mai hawan jini da suga, yana shan wasu magunguna huɗu ko biyar, kuma ba wanda ya san ranar da abin zai same shi. Sai kuma batun shiga jini. Resveratrol, wanda ke cikin ɓawon inabi, hanji yana tsotsar mafi yawansa, amma hanji da hanta suna sauya shi nan take, abin da ke yawo a jini a siffarsa ta asali bai kai kashi 1 cikin 100 ba. A yankin Chianti na Italiya an bi dattawa 783 har shekara tara, aka buga sakamakon a 2014: waɗanda fitsarinsu ya nuna sun fi samun resveratrol ba su fi sauran tsira daga ciwon zuciya ko mutuwa ba.

Likitoci sun taɓa yarda da irin wannan hujjar, kuma abin da ya biyo baya ne ya sa suke taka-tsantsan. Bitamin E ya yi kyau ƙwarai a ɗakin gwaji. Da aka ba mutane sama da 9,500 a gwajin HOPE, wanda aka buga a 2000, bai rage bugun zuciya ba, kuma da aka ci gaba da bin su sai aka ga gazawar zuciya ta ɗan fi yawa cikin masu shan sa. Bita-karotin, sinadarin da ke ba karas launi, an ba maza masu shan taba 29,133 a Finland, sakamakon 1994 ya nuna kansar huhu ta ƙaru da kashi 18 cikin waɗanda suka sha. Karas ɗin kansa bai taɓa yi wa kowa haka ba; tatsar sinadari ɗaya a dunƙule shi da yawa ita ta jawo.

Inda aka ga alheri a fili shi ne abinci gaba ɗayansa. A gwajin PREDIMED na Sifaniya an raba mutane 7,447 masu haɗarin ciwon zuciya gida uku. Wasu an ba su tataccen man zaitun na matsar farko su ci aƙalla babban cokali huɗu a rana, wasu giram 30 na 'ya'yan itace masu ɓawo irin su almon da walnot, na uku aka ce su rage maiƙo. Cikin kusan shekara biyar, bugun zuciya, shanyewar ɓarin jiki da mutuwa ta dalilinsu sun ragu da wajen kashi 30 a rukunai biyun farko. An gano kurakurai a yadda aka raba wasu mutanen, aka janye takardar 2013 aka sake lissafi aka buga a 2018, sakamakon bai canja sosai ba. Man zaitun da ke ɗauke da sinadaran da ake ganin suna kare zuciya shi ne mai ɗan ɗaci da ke kama maƙogwaro. Haske da zafi suna kashe su, don haka a sayi na baƙar kwalba a ajiye nesa da murhu.

Kafso ɗaya da ya kusa cin jarrabawa shi ne na filabanol, wani sinadari da ke cikin kokon da ake yin cakulan da shi. A gwajin COSMOS na Amurka, mutane 21,442 sun sha miligiram 500 a rana ko ƙwayar da babu komai a ciki, aka buga a 2022. Babban abin da aka sa a gaba, wato jimillar matsalolin zuciya, ya ragu da kashi 10, raguwar da ba ta kai a yanke hukunci da ita ba. Mutuwa ta dalilin zuciya ta ragu da kashi 27, amma wannan awo ne na gefe da ke bukatar a sake tabbatarwa. Kada kuma a ɗauka cakulan zai maye gurbinsa: gasawa da sarrafa koko da sinadarin alkali suna lalata mafi yawan filabanol, sukari da mai su cike gurbin.

Tambaya: Tafarnuwa ɗanya ta fi ko dafaffiya?

Amsa: Sinadarin da ake nema, allicin, babu shi a cikin ƙwayar tafarnuwa sai an farfasa ta. Abubuwa biyu ne ke zaune a ɗakuna daban-daban cikin ƙwayar, dakawa ko yankawa ke haɗa su. Zafi yana kashe wanda ke yin haɗin, don haka a daka a bar ta minti goma kafin ta shiga tukunya, kuma a zuba ta dab da saukewa. Haɗiye ta ɗungurungum ba ya ba da allicin ɗin kirki.

A kan kitse kada ka sa rai: a Jami'ar Stanford an ba mutane 192 ɗanya, gari ko tatacciya na wata shida, a 2007 aka ruwaito babu wadda ta sauke LDL. A kan hawan jini akwai 'yar raguwa cikin masu ciwon, da garin tafarnuwa miligiram 600 zuwa 900 a rana, amma ba ta kai a ajiye magani ba. Kafson tafarnuwa yana rage daskarewar jini, don haka a daina shi kwana bakwai zuwa goma kafin tiyata. Dakakkiyar tafarnuwa cikin mai kuma a firiji ake ajiye ta a cinye cikin 'yan kwanaki, domin a zafin ɗaki ƙwayar cutar botulizim, mai mayar da abinci guba, na iya tsirowa a ciki ba wari ba alama.

Tambaya: Likita, na fara shan ruwan bitrut saboda hawan jini, mako uku ke nan ban ga canji ba. Ko ƙarya ce?

Amsa: Ba ƙarya ba ce 'yar'uwa, amma akwai sharaɗin da ba a cika faɗa ba. Sinadarin naitiret da ke cikin bitrut, alayyafo da latas yana shiga jini, glandar yawu ta tattaro shi ta dawo da shi baki, sannan bakteriyar da ke bayan harshe su mayar da shi naitirayit. Shi ne idan an haɗiye yake zama iskar da ke sassauta jijiyoyin jini. Mai kurkure baki da ruwan kashe ƙwayoyin cuta, musamman mai chlorhexidine, ya kashe bakteriyar nan, aikin ya tsaya a nan. Ki duba kwalbar da ke banɗakinki. Tafasa bitrut a zubar da ruwan ma yana tafiya da naitiret ɗin.

A gwajin da aka yi a Jami'ar Queen Mary ta Landan, wanda aka buga a 2015, masu hawan jini sun sha mililita 250 a rana na mako huɗu, awon sama ya sauka da wajen 8, na ƙasa da wajen 4. Irin wannan raguwar ba ta fitowa a awo ɗaya, domin hawan jini kan yi sama da ƙasa fiye da haka cikin yini. Ki zauna minti biyar, bayanki a jingine, hannu daidai ƙirji, ki auna sau biyu da safe sau biyu da yamma na kwana bakwai, ki jefar da na ranar farko ki ɗauki matsakaicin sauran. Jan fitsari bayan shan bitrut ba jini ba ne. Wadda ta taɓa yin tsakuwar ƙoda ta yi hankali saboda yawan okzalet, sinadarin da ke haɗa tsakuwar, mai ciwon ƙoda kuma ta tambayi likita saboda fotasiyam.

Tambaya: Mahaifinmu yana shan warfarin, digoxin da simvastatin. 'Yan'uwa suna ta kawo masa ganyaye da kafso don ƙarfafa zuciya. Wanne ne ba zai cutar da shi ba?

Amsa: Allah Ya ba Baba lafiya. Magungunan nan uku, wato warfarin mai hana daskarewar jini, digoxin mai daidaita aikin zuciya da simvastatin mai rage kitse, suna cikin waɗanda tsirrai suka fi rikitawa, don haka muna roƙon ku kada a ba shi ko ɗaya sai an kai kwalbar gaban likitansa ko mai harhaɗa magani.

Garehul, wani ɗan itace dangin lemo, yana kashe wani inzayim, wato sinadarin jiki mai sarrafa magani, a bangon hanji da ke narkar da simvastatin kafin ya shiga jini. Kofi ɗaya na ruwansa kullum yana iya ninka maganin a jini sau uku ko fiye, kuma tazarar sa'o'i tsakaninsu ba ta magance shi, domin hanji sai ya ɗauki kwana ɗaya zuwa uku kafin ya ƙera sabon inzayim. Alamar haɗari ita ce ciwon tsoka mai tsanani, kasala, da fitsari mai duhu kamar shayi. Ranar da aka ga haka ranar za a je asibiti. Idan Baba ba zai iya rabuwa da garehul ba, likita na iya mayar da shi kan rosuvastatin ko pravastatin, waɗanda abin bai shafa ba.

Ganyen St John's wort, da ake sha don damuwa, akasin haka yake yi: yana sa jiki ya fitar da magani da sauri. Yana rage digoxin da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, yana raunana warfarin jini ya koma daskarewa, kuma a 2000 an ruwaito masu dashen zuciya da jikinsu ya fara ƙin sabuwar zuciyar saboda shi. Saiwar likoris tana sa ƙoda ta riƙe gishiri ta zubar da fotasiyam, hawan jini ya tashi, kuma ƙarancin fotasiyam shi ke mayar da digoxin guba ko da ba a ƙara adadinsa ba. Tashin zuciya, ƙin abinci, ganin abubuwa rawaya-rawaya, rikicewar tunani ko bugun da ya rage gudu sosai, duk alamun gubar digoxin ne. Kafson tafarnuwa, ginkgo da kurkur suna ƙara haɗarin zubar jini a kan warfarin. Jar shinkafar yis kuwa, da ake sayarwa don rage kitse, tana ɗauke da monacolin K, wanda shi ne lovastatin kansa, wani maganin statin, don haka ba shi ita daidai yake da ba shi statin biyu.

Koren ganye a abinci ba sai an hana shi ba. Bitamin K da ke ciki yana rage ƙarfin warfarin, amma abin da ake so shi ne ya riƙa cin kusan adadi ɗaya kowane mako, a daidaita maganin a kan haka, awon INR, wato gwajin saurin daskarewar jini, ya tsaya tsakanin 2 da 3 kamar yadda ake nema ga mafi yawan masu shan sa. Ɓarnar tana zuwa ne idan ya yi mako yana ci da yawa, mako na gaba ya daina ƙwata-ƙwata.

Tambaya: Mahaifiyata na karɓar doxorubicin saboda kansar mama. Na karanta cewa yana lalata zuciya kuma curcumin na karewa. In saya mata?

Amsa: Kada ki saya, 'yar'uwa. Damuwarki tana kan hanya: maganin nan yana iya raunana tsokar zuciya, kuma haɗarin yana bin jimillar abin da aka ba mutum a duk rayuwarsa, shi ya sa likitoci ba sa son wuce miligiram 450 zuwa 550 a kowace murabba'in mita ta faɗin jiki. Amma kariyar curcumin a ɓeraye da ƙwayoyin halitta aka fi ganin ta. Yawancin kafsonsa ana haɗa shi da piperine na baƙin barkono don ya shiga jini, shi kuma piperine yana taɓa inzayim ɗin da ke sarrafa magunguna da dama. An samu masu lalacewar hanta daga irin waɗannan kafson a Italiya da Amurka, kuma yana ƙara saurin zubar jini a daidai lokacin da maganin kansa ya rage ƙwayoyin daskarar da jini. Ɗan kurkur ɗin girki ba shi ake nufi ba.

Ki tambayi likitanta ko an yi hoton zuciya na eko kafin a fara, nawa ne ƙarfin bugun, da yaushe za a sake. A kula da hawan jininta da suga. Ga wadda za a ba adadi mai yawa akwai maganin kariya da aka amince da shi, dexrazoxane. Haki, kumburin ƙafa ko kasa kwanciya sai da matasan kai da yawa, a sanar nan take, ko da shekaru sun wuce bayan an gama magani.

Tambaya: To wai akwai maganin zuciya na asibiti da asalinsa tsiro ne?

Amsa: Akwai Malam. Digoxin daga ganyen furen Digitalis ake tace shi har yau. Likitan Ingila William Withering ne ya rubuta bayanin ganyen a 1785 bayan ya gwada shi a kan masu kumburin jiki, kuma babban aikinsa shi ne gano adadin da ke warkarwa ba tare da ya kashe ba. Ƙwayar yau maikirogiram 62.5, 125 ko 250 ce, ana kuma auna ta a jini, saboda ƙarfin ganye yana bambanta daga tsiro zuwa tsiro da daga kaka zuwa kaka.

Na baya-bayan nan shi ne colchicine, daga furen Colchicum, tsohon maganin ciwon gaɓɓai na gawut. Yana kwantar da kumburin da ke sa dasƙararren kitse a bangon jijiya ya fashe. A gwajin COLCOT na 2019, rabin miligiram a rana ya rage sabbin matsaloli da kashi 23 cikin mutane 4,745 da ba su daɗe da samun bugun zuciya ba. A LoDoCo2 na 2020, cikin mutane 5,522 a Ostareliya da Holan, raguwar ta kai kashi 31, kuma hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi don zuciya a 2023. Sai dai wani babban gwaji na mutane sama da 7,000 a 2024 bai ga amfani ba, don haka likitoci suna zaɓar wanda za su ba, ba kowa ba. Gudawa ita ce illarsa ta yau da kullum. Ba a ba mai ciwon ƙoda ko hanta mai tsanani, kuma haɗa shi da clarithromycin ya taɓa yin ajalin mutane, don haka duk mai shan sa ya ambata shi kafin a rubuta masa kowane maganin kashe ƙwayoyin cuta.